Ƙaramar kyamara mai sauƙin kuɗi: wacce zan saya, ko waya ta wadatar?

Maman Biyu:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Shawara nake nema. Ina son sayen ƙaramar kyamara, irin wadda ake jefawa a jaka, don hotunan yau da kullum: yara, tafiye-tafiye, 'yan shuke-shukena. Ba sana'a zan yi da ita ba, kuma kuɗin da na ware ba su taka kara sun karya ba. Na ga wata a intanet an rubuta megafiksel 48, bidiyo 4K, zum 16, har da memori da batir biyu kyauta, kuma kuɗinta bai kai na Canon mai megafiksel 20 ba ko kusa. Sunan kamfanin dai ban taɓa jin sa ba. In saya?

Ɗan Waya:
Wa alaikumus salam. Hajiya, kafin a kai ga wacce za ki saya, me ya sami wayarki? Ba gatse nake yi ba. Wayar da ta fito cikin 'yan shekarun nan, ko matsakaiciya ce, ta fi yawancin ƙananan kyamarori masu araha fitar da hoto, balle a cikin ɗaki ko da dare. Ki ƙara kuɗin a kan waya ki huta.

Maman Biyu:
Wayar lafiyarta ƙalau. Idan yaro yana can tsakiyar fili yana wasa na zuƙo shi, fuskar sai ta dagule, ko hanci ba a ganewa. Sannan da na ɗauko ta don hoto sai saƙo ya shigo, kafin in ankara ina can ina ba da amsa, abin ɗauka ya wuce. Ga yara da nacin a ba su su ɗauka, ni kuwa ba na iya sakar musu wayata.

Malam Mai Hoto:
Hajiya, waccan mai 48 ɗin ki bar ta inda kika gan ta. Irinsu sun cika intanet, jiki ɗaya, suna daban-daban, yau a buga musu wannan suna gobe a buga wancan. Sensar da ke ciki, wato farantin da ke karɓar haske, ƙarama ce ƙwarai, manhaja ce ke kumbura hoton har lissafi ya kai 48, amma ko gashin gira ɗaya ba a ƙara ba a kan abin da idon kyamarar ya gani. Zum 16 ɗin kuma na dijital ne, wato tsakiyar hoton ake yankowa a faɗaɗa. Shi ne dai abin da wayarki take yi har kika gaji da ita, sai dai waya ta fi su iya yi.

Abin da kike nema zum ne na gilashi, wanda gilasan cikin idon ke motsawa da gaske su jawo abu kusa. A jikin kwali ki nemi inda aka rubuta optical, lambar da ke kusa da wannan kalma ita ce ta gaskiya. Idan kyamarar tana hannunki, ki kunna ki danna zum. A yawancinsu za ki ga idon ya fito yana tsawo, ki ji ƙarar ɗan injinsa. Wadda gabanta ya tsaya cik, allo ne kawai yake girma, ba ita ba ce.

Batun megafiksel kuma, ki cire shi daga ranki gaba ɗaya. Hoton da ake wankewa na albam, inci 4 da 6, megafiksel 2 da 'yan kai ya ishe shi ya fito tar. Cikakken shafin A4 bai kai 9 ba. Talabijin ɗin 4K da ake ta kurarawa, 8 da ɗan ɗoriya yake nunawa. Duk kyamarar da ta kai 12 ta wuce buƙatarki.

Maman Biyu:
Ikon Allah. To Malam, in ba megafiksel ba, me ake dubawa? Ni dai shi nake gani an rubuta da manyan baƙaƙe.

Injiniya:
Bari in ɗan karɓi Malam a nan. Girman sensa ake dubawa, wato ɗan farantin da ke bayan gilashi wanda haske ke sauka a kansa. Ki ajiye kofi da baho a tsakar gida ana ruwan sama, lokaci ɗaya, ki ga wanda zai fi tarawa. Haka sensa take da haske.

Yawancin ƙananan kyamarori masu araha suna ɗauke da wadda ake rubutawa 1/2.3, faɗinta wajen milimita 6.2, tsayinta 4.6. Farcen ɗan yatsanki ya fi ta girma. Ta sama da ita ita ce ake kira mai inci 1, milimita 13.2 da 8.8, fili kusan ninki huɗu ke nan. Idan aka cusa megafiksel 20 a kan ƙaramar, kowane ɗigo ɗan mitsitsi ne, hasken da yake samu kaɗan ne. Da rana a waje ba za ki ga aibu ba. Da magariba ta yi ko aka shiga ɗaki, sai hoto ya cika da tsaki-tsaki, launi ya dusashe.

Na biyu, lambar da ke zagaye da idon, wadda take farawa da f. Ƙaramar lamba ita ce ƙofa mai faɗi. Ido mai f/1.8 yana shigar da haske kusan ninki uku na mai f/3.2. Kuma ki lura lambobi biyu ake rubutawa, misali 3.2 zuwa 6.9. Ta biyun ita ce abin da ya rage idan kika zuƙo har ƙarshe, ƙofar ta tsuke sosai a lokacin.

Ɗan Waya:
To ai Injiniya maganata ka tabbatar. Babbar kyamarar wayoyi da yawa na yanzu sensarta ta fi 1/2.3 ɗin nan girma, idonta kuma f/1.8 ne ko kusa da haka. Har akwai wayoyi masu inci 1, Xiaomi ta fitar da 12S Ultra da ita tun 2022. Sannan waya ba hoto ɗaya take ɗauka ba idan ka danna, da yawa take ɗauka cikin ƙiftawar ido ta haɗe su ta tace. Tun da Google ta kawo yanayin dare a wayoyin Pixel a 2018, Apple ta biyo baya a iPhone 11 a 2019, ƙananan kyamarori ba su sake kamo ƙafar waya a duhu ba.

Kasuwa ma ta yanke hukunci. Ƙungiyar masu ƙera kyamara ta Japan, CIPA, lissafinta ya nuna an fitar da kyamarori sama da miliyan 120 a 2010. A 2023 ba su kai miliyan 8 ba, ƙananan masu ido a manne kuwa ba su kai miliyan 2 ba. Casio da ta yi suna da Exilim ta fita daga harkar a 2018. Mutane ba wawaye ba ne.

Malam Mai Hoto:
Ɗan Waya, alƙalumanka daidai ne, kuma a duhu na sallama maka. Wanda ya sayi ƙaramar kyamara mai araha yana tsammanin za ta doke sabuwar waya a falo da dare, zai yi da-na-sani. Wannan gara a faɗa wa Hajiya tun yanzu.

Amma ka sake karanta abin da ta rubuta. Ba ta ce duhu ne damuwarta ba, nisa ne. Yawancin matsakaitan wayoyi ba su da idon nesa sam, masu tsadar ma yawanci a ninki 3 ko 5 suke tsayawa, sauran duk ƙirƙirar manhaja ce. Kyamarar da za ta shige aljihun riga tana iya ba ka ninki 12, ko 30, na gilashi zalla. Yaro yana ƙarshen fili ka cika allo da fuskarsa, har gumin goshinsa ka gani. Waya ba ta kai nan ba tukuna.

Sai filash. Abin da ke bayan waya tocila ce kawai, ƙaramar fitila. Na kyamara walƙiya ce ta gaske, tana tashi ta mutu cikin abin da bai kai kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa ba, shi ya sa take tsayar da motsi cak. Amma a sani, a ƙananan kyamarori ba ta wuce taku huɗu ko biyar. Masu kunna ta a babban ɗakin taro suna can baya, ƙeyar na gabansu kawai suke haskawa.

Autar Mama:
Ni fa Baba Malam saboda filash ɗin nan na sayi tawa, tsohuwa ce ta wajen 2008, megafiksel 8 kacal. Hoton waya ya cika santsi, kowa fuska a goge, sama a goge, komai an gyara kafin ka gani. Na tsohuwar kyamara kuwa yana da wani ɗumi, baya ya yi duhu, mutum ya fito raɗau. Ƙawayena duk ita suke cewa a ɗauke su da ita.

Malam Mai Hoto:
Auta, abin da muka yi shekaru muna yaƙi da shi, shi kuke bi da kuɗi yanzu. Fuska ta yi fari fat, ido ya yi ja, inuwa baƙa ƙirin a bango. Da in ka kai wa mai hoto irin wannan sai ya ce ka sake. To, zamani riga. Ba na musu, kyau a idon mai kallo yake.

Illar dai ita ce kun tayar da kasuwa. Tun da matasa suka fara yayin tsofaffin kyamarori a TikTok, abin da ake bayarwa kyauta a da ya zama abin ciniki. Canon G7 X ita ta fi shan wannan, Mark II ta 2016 da Mark III ta 2019 har wuyar samu suka yi. Kyamara ce mai kyau, sensa inci 1, ido f/1.8, amma yayi ya ɗora mata abin da ya wuce aikinta.

Autar Mama:
An ce wai irin sensar tsofaffin kyamarori, CCD, ita ce ke ba da launin, sababbi masu sensar CMOS ba sa yi.

Injiniya:
Ƙanwata, ni ban yarda da wannan ba sosai. Bambancin biyun a yadda ake kwashe hasken daga farantin yake. Launin da kike so yawancinsa daga yadda kamfani ya tsara manhajar cikin kyamarar yake fitowa, da filash, da kuma rashin gogewar da waya ke yi. Ki kunna filash a sabuwar kyamara mai CMOS ki ɗauki ƙawayenki a taku uku, ki haɗa hotunan ki ce su ware. Inda CCD take da tabbataccen bambanci shi ne rauni: ba ta jure duhu, kuma bidiyonta ƙarami ne. Canon IXUS 185 ta 2017 da Sony W800 ta 2014 duk CCD ne, bidiyonsu a 720 ya tsaya.

Mai Gyara:
Sallama gare ku. Ni ta teburin gyara zan yi magana, tunda a nan suke ƙarewa. Duk mai son tsohuwar kyamara, ya fara tambayar irin memorin da take ci kafin ya tambayi kuɗinta. Tsofaffin Olympus da Fujifilm da yawa katin xD suke ci, tsofaffin Sony kuma Memory Stick. An daina yayinsu, samun su wahala, wani lokaci katin ya fi kyamarar tsada. Ko mai cin SD ma akwai tarko. Asalin SD a gig 2 ya tsaya. SDHC da ya zo a 2006 ya kai 32, SDXC na 2009 shi ne daga nan zuwa sama. Kyamarar da ta girmi tsarin ba za ta karanta shi ba. Sau da yawa ana kawo min wai ta lalace, tana rubuta matsalar kati, ashe mai gig 64 aka cusa wa kyamarar da ba ta san abin da ya wuce 2 ba.

Maman Biyu:
Yallaɓai Mai Gyara, ke nan ka fi ba da shawarar sabuwa? Ni tsoron ta hannu nake, kada in sayi ciwon kai.

Mai Gyara:
A'a Hajiya. Ta hannu daga kamfanin da aka sani ta fi sabuwa marar asali, nesa ba kusa ba. Kawai kada ki yi nisa da baya. Wadda ta fito daga wajen 2014 zuwa yau, mai cin SD, batirinta kuma ana samu, ita ce daidai ke.

In za ki duba, ki je da memorinki. Ki kunna ki kashe sau da yawa a jere kina sauraro. Idon ya fita ya koma sumul. In kika ji yana ƙarar ƙasa-ƙasa, ko ya ɗan tsaya a hanya kafin ya ƙarasa, ko ya fito a karkace, ki ajiye ta ko da mai ita ya rantse. Wannan shi ne ciwon da ya fi kashe su, haƙoran da ke tura idon na roba ne ƙanana, ƙwayar yashi ɗaya ko faɗuwa ɗaya ta isa, kuma gyaran yakan ci kuɗin wata kyamarar.

Daga nan ki zuƙo har ƙarshe ki ɗauki farin bango ko sararin sama, ki buɗe hoton ki duba. Tabo mai duhu da yake zama wuri ɗaya a kowane hoto ƙura ce ta shiga kan sensa, kuma a irin waɗannan ba a cire ido a goge, sai an kwance ta gaba ɗaya. Ki haska tocilar waya cikin gilashin ta gefe. In kika ga wani abu fari mai rassa siri-siri, fumfuna ce, danshi ya kama ta. Ki buɗe gidan batir ki leƙa, kada ki ga kore ko farin gari a kan ƙarafan. Ki zaro batirin ki ɗora a kan tebur, in yana lilo ko ya ƙi fitowa sai da ƙyar, ya kumbura, a sake shi. Ki gwada filash, ki danna kowane maɓalli, ki ɗauki ɗan bidiyo ki ji ko murya na shiga. Murfin batir ma ki duba maƙallinsa, yawancin waɗanda ake naɗe wa salatif daga nan abin ya fara.

In ta intanet ce, kada ki saya sai inda aka yarda a mayar in ba ta yi ba, kuma ki nemi a turo hoton da aka ɗauka da ita kanta, ba hotonta ba.

Kawun Yara:
Ni sabuwa na saya, Kodak Pixpro FZ45, saboda dalili ɗaya: batirin AA guda biyu take ci, irin na rimot ɗin talabijin manya. Ko ina ka je za ka samu. Megafiksel 16, zum 4 na gilashi. Ba ta da wani abin mamaki, da rana tana yi min abin da nake so. 'Yar'uwarta FZ55 zum 5 ce, ta fi siranta, ita batirin caji gare ta.

Injiniya:
Kawu, shawara ɗaya. Duk kyamara mai cin AA, a nemi masu caji irin NiMH, saiti biyu da caja. Batirin yar-da-ni na gama-gari ba ya jure yadda kyamara ke zuƙar wuta lokaci guda, musamman in filash na cika.

Kuma don a sani, ba Kodak ɗin da ce ke ƙera su ba. Wani kamfani ne, JK Imaging, ya karɓi lasisin amfani da sunan. Abin tausayi ma, injiniyan Kodak ne, Steven Sasson, ya haɗa kyamarar dijital ta farko a 1975. Nauyinta ya fi kilo 3 da rabi, hoton baƙi da fari, kashi ɗaya cikin ɗari na megafiksel, kuma sai ta yi daƙiƙa 23 kafin ta rubuta hoto ɗaya a kaset. Kamfanin Kodak ya ci gaba da riƙe cinikin fim, har ya kai ga neman kariyar kotu saboda bashi a 2012.

Ɗan Waya:
Ka ga abin da riƙe tsohon abu ke jawowa ke nan, Malam Mai Hoto.

Shugaban Zaure:
Jama'a a dawo kan tambaya. Hajiya sunan kyamara take jira, ba tarihi ba.

Anti Malama:
Kafin a ba ta suna, akwai abin da ba wanda ya taɓo, kuma mu masu ɗaukar yara shi ya fi ci mana tuwo a ƙwarya. Jinkiri. Kina dannawa, kyamara tana tunani, kafin ta ɗauka yaro ya juya baya. Masu arahar nan sun fi yin haka. Dabarar ita ce ki danna maɓallin rabi, ki ji ta yi ɗan ƙara, akwatin allo ya koma kore, ki riƙe a haka kina jira, lokacin da dariyar ta zo sai ki ƙarasa dannawa. Da na koyi wannan hotunana suka canja.

Sannan kada a ruɗe ki da cewa tana da abin hana rawar hannu. Yana da amfani ƙwarai, kuma ki tabbata na gilashi ne ba na dijital ba, musamman in za ki riƙa zuƙowa. Amma rawar hannunki yake gyarawa, ba gudun yaro ba. Mai gudu sai saurin ƙiftawa, kashi ɗaya cikin 250 na daƙiƙa ko fiye. In kyamarar ba ta bari ki saita da kanki, ki juya ta zuwa alamar ɗan mutum mai gudu, ki kuma ɗauka inda haske yake.

Malam Mai Hoto:
Malama ta faɗi gaskiya, in ƙara ɗaya a kai. Akwai maɓalli mai alamar tarawa da ɗebewa, mutane ba sa taɓa shi har kyamara ta mutu. Kyamara matsakaicin haske take nema a duk abin da ta gani. Mutum mai duhun fata ya sa fararen kaya ya tsaya a rana, ko taga tana bayansa, sai ta bi farin ta rage haske, kaya su fito, fuska ta nutse. Ki ƙara ɗaya ko kashi biyu cikin uku, fuskar za ta dawo. Mafi sauƙi ma ki matsar da shi inuwa, ko ki kunna filash da rana tsaka don ya cike inuwar da ke ƙarƙashin ido. Kyamarar da ba ta da wannan maɓalli ko a cikin jerin saitinta, ba na ba kowa shawarar saye.

Sunaye kuma, ga yadda nake gani. In nisa ne kan gaba, ki nemi jerin Panasonic Lumix TZ, a Amurka ZS ake rubuta musu. Daga TZ70 ta 2015 zuwa TZ95 duk zum 30 ne, kuma suna da ɗan tagar leƙawa da ke taimako in rana ta kashe allo. Sony HX90V ma 30 ce, Canon SX740 HS ta 2018 kuma 40. In kina son wadda ta fi su siranta da sauƙi, Canon IXUS 285 HS, wadda ake kira ELPH 360 HS a Amurka, zum 12 ce kuma tana da Wi-Fi. Dukkansu ƙaramar sensa ce, kyamarorin rana ne, ki saya da sanin haka.

Injiniya:
Ni kuwa Malam da za a bi tawa, Sony RX100 ta hannu zan ce. Ta farkon ma, ta 2012, inci 1 ce da ido f/1.8. Ita ce mafi ƙanƙantar matakin da mutum zai kalli hoton ya ce lallai wannan ba waya ba ce. Sauran da ka lissafa, in ba a zuƙo ba, waya ta fi su.

Malam Mai Hoto:
Injiniya, kyamarar da kake so wa kanka ka zaɓa. RX100 ta farko zum ɗinta bai kai 4 ba. Hajiya za ta tsaya a bakin fili, yaro yana can, ta zuƙo ta ƙure, har yanzu yana ɗan tsito. Me ta gyara? Kuma waccan ta 2012 ba ta da Wi-Fi.

Injiniya:
Amma hoton inci 1 yana jure yanka. Ta ɗauka ta yanko tsakiya, zai fi na ƙaramar sensa tsabta.

Malam Mai Hoto:
Zuwa wani mataki. Yanka ba zai mayar da 4 ya zama 30 ba. In sulhu kake so, Lumix TZ100 ta 2016: inci 1, zum 10. Sai dai idonta yana tsukewa da wuri in an zuƙo, kuma ko ta hannu ba ta cika araha ba. Ni a ganina mai ƙaramin kasafi ya zaɓi abu ɗaya da waya ta kasa, ya saya don shi, sauran ya bar wa waya.

Kawun Yara:
Ba a amsa mata batun ba wa yara ba fa.

Mai Gyara:
Kawu ya kyauta da ya tuna. Duk mai ido mai fitowa waje, ba ta hannun ƙaramin yaro ba ce. Ta faɗi ido a buɗe, shi ke nan. Wadda aka yi don wahala ita ce irin Olympus Tough TG-6 ta 2019, da magajiyarta TG-7 ta 2023 da ta fito da sunan OM System bayan Olympus ta sayar da sashen kyamararta. Zum ɗinsu a ciki yake motsi, ba abin da ke fitowa, suna shiga ruwa har mita 15, an kuma gwada su da faɗuwa daga mita 2. Ga su da iya ɗaukar abu kusa-kusa, wanda zai yi wa shuke-shukenki daɗi, har gashin jikin ganye suna fitarwa. Amma zum 4 ne kawai, kuma ba su da araha. Su ne ma togaciya ga gwajin da Malam ya faɗa na ganin ido ya fito.

Ni da ni ne, zan sayi mai zum ɗin don kaina, in sa mata igiyar hannu. Yaro in zai ɗauka, a zura masa igiyar, a tsaya kusa da shi. In nacin ya yi yawa, a nan ne irin waccan mai 48 ɗin take da amfani, a matsayin abin wasa, in an same ta a kuɗin abin wasa.

Maman Biyu:
Allah ya saka da alheri, na ƙaru sosai. Hankalina ya fi kwanciya da mai zum 30 ɗin ta hannu. Tambaya ta ƙarshe, yaya zan riƙa kwaso hotunan zuwa waya? Ba kullum nake buɗe kwamfuta ba.

Autar Mama:
Anti ki sayi ɗan abin karanta memori mai shiga bakin cajin waya. Ki zaro katin ki soka, hotuna su fito, ki kwafe. Ya fi Wi-Fi sauri, kuma manhajojin tsofaffin kyamarori ba duka ke tafiya da sababbin wayoyi ba. In za ki tura a WhatsApp kuma ki tura a matsayin fayil, in ba haka ba zai matse hoton, duk wahalar zum ɗin ta tafi a banza.

Mai Gyara:
Katin ma a kula, jabu sun yi yawa. A jiki an rubuta gig 128, cikinsa bai kai haka ba, yana cika sai ya fara cinye tsofaffin hotuna ba tare da ya nuna komai ba. Akwai manhajar kwamfuta kyauta, H2testw, tana cika katin ta karanta ta faɗi gaskiyar girmansa. A gwada kafin a fara ɗauka. Gig 32 guda biyu sun fi babba guda ɗaya, kuma a goge sabon kati daga cikin kyamarar kanta, ba daga waya ba. Batir na biyu ma ki sa a lissafi tun yanzu, irin waɗannan hoto 200 zuwa 300 da ɗoriya suke yi a caji ɗaya.

Ɗan Waya:
Kyamara, kati biyu, batir biyu, caja, abin karanta kati, jaka, igiya. Hajiya ki haɗa lissafin duka kafin ki biya, ki gwada da kuɗin waya mai idon nesa. Ni dai ina nan a kan bakana.

Anti Malama:
Waya mai idon nesa ta gaske ai ba a layin araha take ba, Ɗan Waya, kai ma ka sani. Kuma bayan shekara uku za ka ce a sake wata.

Baban Ɗalibai:
Ku yi haƙuri na shigo a makare. Ni allon aji da shafukan littafi nake son ɗauka, wani lokaci da ɗan bidiyon darasi. Mai zum 30 ɗin za ta yi min?

Injiniya:
Malam, kai kam wayarka ta fi maka. Shafi da allo ba sa gudu kuma ba su da nisa, ga manhajojin da ke miƙe shafin su mayar da shi PDF nan take. Abin da za ka saya mariƙin waya ne mai ƙafa uku, da ƙaramar makirfo ta maƙalawa a riga saboda bidiyon. Ka tsaya yadda taga za ta kasance a gefenka, kada haske ya riƙa ƙyalli a kan allon.